Yadda zaka rubuta wa fim kiɗa in fiyano ce sana'arka

Abu na farko da mai fiyano ya kamata ya sani kafin ya karɓi aikin fim shine hannunsa ne zai fara bashi matsala. Mutum ya shafe shekaru yana koyon gudu a kan maɓallai 88, yatsu sun saba da cika ko'ina da sauti, sai a miƙo masa sin, wato fitowa ɗaya a fim, na minti biyu inda wata mata ke zaune tana jiran kiran waya, kuma abinda sin ɗin ke buƙata bai wuce sauti huɗu ko biyar ba, sauran duk surutu ne. A dandamali kai ake kallo, a fim kuwa ba wanda yazo dominka, in mai kallo ya fara cewa kai wannan makaɗin ya iya to akwai yiwuwar ka janye hankalinsa daga labarin kenan.

Fiyano da fim dama tsofaffin abokai ne. Zamanin finafinai marasa magana mai fiyano ne ke zama ƙasan allo yana bin hoto da hannu, in ana gudu ya yi gudu in ana kuka ya sassauta, kuma tun 1908 Camille Saint-Saëns na Faransa ya zauna ya rubuta wa wani fim kiɗansa na musamman. Amma daga 1927 da magana ta fara shiga fim sai kiɗa ya samu kishiya, kuma ita ce uwargida har gobe, duk abinda zan faɗa a ƙasa in ka duba zaka ga yana komawa ne kan yadda zaku zauna lafiya da ita.

To an turo maka fim. Kar ka buɗe fiyano. Kalle shi daga farko har ƙarshe kamar kowane ɗan kallo, ba tsayarwa ba komawa baya, wayarka a kife. Wannan kallon na farko sau ɗaya kake samunsa, shine kaɗai lokacin da zaka ji abinda mai kallo zai ji, inda ranka ya sosu da inda ka fara hamma da inda ka rikice baka gane waye wane ba. Da ka gama ka rubuta waɗannan wuraren a takarda tun basu gudu ba. Kallo na biyu ne zaka fara tambayar kanka labarin waye wannan, don sau da yawa wanda yafi yawan magana ba shine mai labarin ba, kuma kiɗa yana bin mai labarin ne.

Sannan ka tambaya ko an kulle editin. Wannan tambayar tana da muhimmanci fiye da yadda take kama, in edita zai sake yanke sakan uku a tsakiyar sin to duk lissafin da kayi ya rushe. Gaskiya a wannan zamanin da wuya a baka fim da aka kulle ɗari bisa ɗari, ana ta taɓawa har ranar ƙarshe, amma aƙalla ka san wane bugu kake aiki a kai kuma ka nemi a ƙona taimkod a jikin hoton, wato lambobin nan na awa da minti da sakan da firem da ke gudu a gefen allo. Ka tambayi firem nawa ne a sakan, 24 ne ko 25 ko 23.976, ka saita sofwayarka daidai da haka tun ranar farko. Wanda ya yi sakaci da wannan zai ga kiɗansa ya hau daidai a farkon fim amma can gaba ya zame, sai a yi ta neman laifin a inda ba ya nan.

Zaman da yafi kowane zama shine wanda zakuyi da darakta, wani lokacin harda edita, kuna bin fim ɗin sin bayan sin kuna yanke inda kiɗa zai shiga da inda zai fita. Ka je da littafi. Kowane guntun kiɗa a bashi lamba, tsarin da aka saba shine 1M1, 1M2, 2M1 haka, lambar farko ta kashin fim ɗin ce ta biyun kuma ta kiɗan, ka rubuta taimkod na shiga da na fita da abinda darakta yace yana so a ji. Kuma don Allah kar ka yi masa maganar kod (sautukan da ake bugawa tare) da sikel (jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama), yawancin daraktoci basu san wannan yaren ba kuma ba dole ne su sani ba, in ka matsa musu sai su fara faɗin abinda basu nufa ba, mutum yace maka baya son fiyano alhali abinda baya so shine saurin da ka buga. Tambaye shi da yaren labari, me wannan yaron ya sani a nan wanda uwarsa bata sani ba, mai kallo ya tausaya masa ne ko ya ji tsoronsa, a wane sakan ne zuciyarta ta karaya. Kai ne zaka juya amsar ta koma sauti, aikinka kenan.

A wannan zaman ka yi ta kare wuraren da ba kiɗa. Darakta da bai yarda da sin ɗinsa ba zai so a lulluɓe shi da kiɗa daga farko har ƙarshe, kuma kai ma da yake sabon shiga ne zaka ji daɗi an baka fili. Amma kunne yana gajiya, kiɗan da baya tsayawa bayan minti goma ba wanda ke jinsa kuma, sai lokacin da kake buƙatarsa da gaske yazo ka tarar ka riga ka kashe shi. Inda kiɗa ya shigo yafi abinda ya faɗa muhimmanci a lokuta da yawa. Mafi sauƙin shiga shine ka laɓe bayan wani abu, rufe ƙofa, wucewar mota, motsin kyamara, canjin fuska, ta yadda mai kallo bazai iya cewa ga sakan ɗin da aka fara ba.

Akwai kuma bala'in kiɗan aro. Edita baya iya yanka a bushe don haka sai ya ɗauko kiɗan wani fim ya ɗora na wucin gadi, darakta ya shafe watanni yana jin wannan kiɗan har ya shige masa jini, sai kai kazo da naka komai kyansa yaji kamar an canja masa fim. Ba sabon abu bane, Stanley Kubrick ya sa Alex North ya rubuta wa 2001: A Space Odyssey kiɗa a 1968, ƙarshe ya ajiye shi gefe ya bar kiɗan aron da ya riga ya saba da shi. In hakan ta faru da North to kai ma ka shirya. Dabarar itace kar ka kwaikwayi kiɗan aron, banda ma haɗarin shari'ar haƙƙin mallaka abin kunya ne, ka tambayi darakta menene takamaimai yake so a ciki, saurin ne, ko yadda ya fashe daidai lokacin da aka buɗe ƙofa, ko kaɗaicin kayan kiɗa guda ɗaya. Galibi abu ɗaya ne tak yake riƙe dashi, in ka gano shi ka bashi wannan abun ta hanyarka sauran duk naka ne. Ni shawarata ka saurari kiɗan aron sau ɗaya ka kashe shi.

Yanzu ka buɗe fiyano, amma ba a kan sin na farko ba. Fara da neman taken fim ɗin, ɗan gajeren kari wanda in an ji shi za'a tuna mutum ko wuri ko wani ciwo da ke cikin labarin. Gajere fa nake nufi. John Williams da sauti biyu maƙwabtan juna ya tsorata duniya a Jaws a 1975, abinda ya sa suka yi aiki shine ana iya jansu a hankali kifin na nesa, a ƙara musu sauri yana matsowa, a cire su gaba ɗaya mai kallo ya saki jiki. Wannan shine gwajin take mai kyau, yana lanƙwasuwa? Buga shi a manjo (salo mai haske) ka buga a maino (salo mai duhu), buga shi can ƙasa da hannun hagu kaɗai, ja shi ya ninka tsawonsa, yanke rabinsa ka bar shi a rataye ba ƙarshe. In ya jure duk wannan kuma har yanzu ana gane shi to ka samu abin aiki na fim guda. In kuwa sai da kod goma sha biyu da gudun yatsu yake daɗi, ajiye shi don album ɗinka.

Kuma kar ka bada taken duka tun farko. Ka ɗan nuna gefensa a minti na biyar, ka ƙara kaɗan a tsakiya, cikakkensa ka ɓoye sai inda labarin ya kai maƙura, lokacin mai kallo ya riga ya san shi ba tare da ya san ya sani ba. Wasu ma tun kafin a ɗauki fim suke rubutawa, Ennio Morricone ya yi wa Sergio Leone haka a Once Upon a Time in the West na 1968 har ana kunna kiɗan a wajen ɗauka 'yan wasa suna tafiya a kansa. In ka samu daraktan da zai kira ka tun labari na takarda ka riƙe shi da kyau, irinsu basu da yawa.

Hanyar da tafi dacewa da mai fiyano wajen fara sin itace ka kunna hoton ka danna rikodin ka yi ta bugawa kai tsaye ba tare da kilik ba, wato ƙarar nan da ke ƙirga maka bugu, sau biyar sau goma, kar ka tsaya gyara. Wannan ita ce baiwar da kake da ita wadda mai zana sauti da linzamin kwamfuta bashi da ita, hannunka yana numfashi tare da ɗan wasan. Cikin goman nan zaka samu sakan ashirin masu rai, su zaka ɗauka ka gina a kai.

Daga nan sai lissafi, kuma ba wuya. In fim na gudu firem 24 a sakan to minti ɗaya firem 1440 ne, raba 1440 da tempo ɗinka, wato yawan bugu a minti ɗaya, ka samu firem nawa ke cikin bugu ɗaya. Tempo 120 bugu ɗaya firem 12 ne wato rabin sakan, tempo 90 firem 16, tempo 60 firem 24 cif. Ace kana so kiɗan ya sauka daidai inda aka yanka zuwa fuskar uban, kuma daga farkon kiɗan zuwa wajen sakan 20 ne, a tempo 96 bugu 32 kenan daidai wato gida takwas masu bugu hurhuɗu, shikenan ka samu. In bai faɗa daidai ba ka ɗan motsa tempo da ɗigo ɗaya ko biyu, ko ka saka gida ɗaya mai bugu uku a tsakiya, ba wanda zai lura. Cubase da Logic Pro da Reaper da Pro Tools duk suna da wajen sa alama a kan hoto da zana taswirar tempo, ba sai ka yi da biro ba, amma ka fahimci lissafin don ranar da edita zai cire firem 30 ka san me zaka yanke. Wani abu da gogewa ke koyarwa, in zaka kuskure gara kiɗan ya makara da firem ɗaya ko biyu da ace ya riga hoto, don a duniya ma ido ne ke fara gani kafin kunne yaji, amma kiɗan da ya riga mari sauka ya tona asirin sin ɗin.

Kuma ba kowane motsi ake bi ba. Bin kowane taku da kowane juyin kai da sauti salon katun ne, a fim na gaske yana maida abin wasan yara. Zaɓi wuri ɗaya ko biyu a sin, sauran ka bar kiɗan ya wuce ta kansu.

Sai maganar magana, inda masu fiyano suka fi faɗawa rami. Tsakiyar fiyano, wajen C ta tsakiya da ke kusan 262 Hz (yawan kaɗawar sauti a sakan) da abinda ke kewaye da ita, nan ne muryar ɗan Adam take zaune, kuma nan ne hannunka yafi son zama. Ga shi fiyano kayan duka ce, guduma ke dukan waya, kowane sauti yana da kai mai tsini da ke sokar kunne daidai yadda baƙaƙen magana ke yi. Shi yasa goge zai iya kwanciya ƙarƙashin hira ba'a ji shi ba amma fiyano tana shiga sai ta fara gasa da mai magana. Maganin shine ka raba hannayenka, hagu can ƙasa dama can sama ka bar tsakiya fili, ka rage yawan sauti, ka danna feda, wato abin takawa da ke riƙe sauti, ka bar sauti ɗaya ya daɗe yana mutuwa, kuma ka sa motsinka a cikin ramukan da ke tsakanin jimloli, 'yar wasa ta faɗi magana ta yi shiru sai kai ka amsa da sauti biyu kafin abokin hirarta ya buɗe baki. Kullum ka yi aiki da muryoyin a kunne, kar ka taɓa kashe su don kaji daɗin kiɗanka. In baka bar wa magana wuri ba mai mikisin, wato mai haɗa sautukan fim, zai bar mata da kansa, zai ja kiɗanka ƙasa har ya zama kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa, kuma yana da gaskiya.

Wani abu kuma, kar ka maimaita abinda hoto ya riga ya faɗa. Mutum na kuka hawaye shaɓe-shaɓe kai kuma ka zo da kiɗan kuka, an yi abu ɗaya sau biyu kenan. Nemi abinda ba'a faɗa ba, wanda ke dariya a wajen taro alhali cikinsa ya ɗuri ruwa, nan ne ake buƙatarka.

Kafin a kashe kuɗin situdiyo darakta zai so yaji samfuri, kuma ka sani ba zai iya cike gurbi da tunaninsa ba, in kace masa ka ɗauka nan goge ne ke bugawa bazai ɗauka ba, abinda yaji shi yaji. Don haka samfurin ya fito da kyau. Kibod mai nauyin maɓalli irin na fiyano ta gaske da feda da kwamfuta da laburaren sauti mai kyau guda ɗaya ko biyu sun isa farawa, ba sai ka tara ɗari ba. MIDI, tsarin da kibod ke aika wa kwamfuta abinda ka buga, yana auna ƙarfin dukanka daga 0 zuwa 127, kiɗan fim mai taushi yawanci a ƙasa-ƙasa yake rayuwa, in ka duba ka ga duk sautukanka sun haura 100 to duka kake ba bugu ba. Kuma ka yi hankali da maɓallin nan da ke jera sauti daidai kan layi, yana gyara kuskure amma yana kashe numfashin da ka sha wahala ka samu. Tura samfurin a haɗe da hoto da muryoyi, kar ka tura odiyo zalla ya je ya ɗora shi a inda ba nan ba.

Zai dawo da gyara, wani gyaran ma zai baka haushi. Kar ka yi gardama a take, kuma kar ka bi maganarsa harafi da harafi, in yace kiɗan yayi yawa wataƙila shigarsa ce tayi wuri da sakan huɗu, in yace baya taɓa shi wataƙila ka cika kod ne ka rufe karin. Ajiye kowane bugu da lambarsa kar ka goge komai, sau tari bayan an zaga an zaga na biyun ake komawa.

In da halin ɗaukar sautin fiyano ta gaske a ɗauka, bambancin a bayyane yake musamman a sin mai shiru. A kira mai gyaran sauti ya saita ta ranar ɗauka ko ana gobe, sautin A ɗinta a kan 440 Hz sai dai in sauran kayan kiɗan da zaka haɗa da su suna wani wajen, a duba kujera da feda kar su yi ƙara. Makirufo biyu kusa da wayoyi suna bada sauti na kusa kamar mutum na raɗa, in an ja su baya ɗakin ya shigo sai abin ya buɗe. Masu sa ƙyallen ulu tsakanin guduma da waya don sautin ya dushe suna da hujja, yana zama lafiya ƙarƙashin magana, sai dai an yi shi har ya fara gundura, kowane talla da kowane fim ɗin soyayya shi ne, in zaka yi ka tabbata sin ɗin ne ya nema.

Wajen miƙa aiki ka tambayi mai mikisin yadda yake so tun kafin ka fitar, amma abinda aka saba shine fayil ɗin sauti na WAV a 48 kHz da bit 24, ba 44.1 na faifan CD ba. Kar ka bada dunƙule ɗaya kawai, raba shi gida-gida, fiyano daban, goge daban, ganguna daban, bes daban, duk su fara daga taimkod ɗaya kuma tsawonsu ɗaya, sunan kowane fayil da lambar kiɗan da inda zai zauna. Amfanin haka in ganga ta danne wata kalma sai a rage ganga kaɗai maimakon a danne kiɗan duka.

Sai takarda, wadda masu kiɗa suka fi ƙi kuma ita ce ke ciyar da su daga baya. Kafin ka buga sauti ɗaya a rubuta yarjejeniya, minti nawa na kiɗa, gyara sau nawa, yaushe za'a biya kuma kashi nawa, kuɗin makaɗa da situdiyo daga aljihun wa zai fita, waye mai kiɗan bayan an gama, kana da ikon fitar da shi a matsayin album ko babu, kuma yaya za'a rubuta sunanka a allo. Sau da yawa kamfanin fim ne ke mallakar kiɗan amma kason marubuci na kuɗin nunawa yana zama naka, kar ka sa hannu a inda aka kwashe har wannan ba tare da ka san ka yi ba. Yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta ƙasarka, irinsu ASCAP da BMI a Amurka ko PRS a Ingila ko SACEM a Faransa. Su kuma basa biya sai da takardar jerin kiɗan fim ɗin, wadda ke ɗauke da sunan kowane guntu da tsawonsa zuwa sakan da yadda aka yi amfani dashi da sunan wanda ya rubuta da kason kowa. Furodusa ne ya kamata ya tura ta amma kar ka dogara da hakan, cike taka daga littafin nan na zamanku da darakta, ka gwada ta da fim ɗin da aka gama mikisin don wasu guntayen an yanke wasu an matsar, ka tura masa ya sa hannu, ka riƙe kwafi ka kuma aika wa ƙungiyarka da kanka.